Dutsen Thurman

A garinmu Sollers Landing, idan mutum ya tsinci abu a bakin ruwa, lasa yake fara yi kafin ya buɗe baki ya yi alfahari. Doguwar gaɓar yumɓun nan da ke kallon ruwan Chesapeake cike take da ƙasusuwan halittun da suka mutu tun duniya na kwance, sun daskare sun koma dutse, kuma kullum ruwa yana cin gindin gaɓar yana zubo su kan rairayi haɗe da duwatsun banza. Ido yana ruɗuwa, amma harshe ba ya ruɗuwa. Ƙashi komai tsufansa yana da 'yan ƙofofi, in ka ɗora masa harshe zai ɗan kama ka. Dutse zalla kuwa sulɓewa yake yi ya bar ka da gishiri a baki. Baƙi suna ganinmu suna yatsine fuska, su ne kuma suke komawa gida da guntun kwalta a naɗe cikin auduga.

Kowa yana lasa, amma hukunci na mutum ɗaya ne, Vernelle Buckmaster. Shekara talatin da wani abu ta yi a gidan waya tana gaya wa mutane sun rubuta adireshi ba daidai ba, da ta yi ritaya sai ta ga ba za ta iya barin sana'ar ɓata wa jama'a rai ba. Duk Asabar takan zauna a zauren 'yan kwana-kwana, inda ƙungiyar masu tsintar ƙashi take taruwa, gabanta tebur, a kai madubin ƙara girma da kofin ruwan kurkurar baki. Ka kawo mata abin da ka tsinto, ta juya shi, ta lasa, ta faɗa maka ko ƙashi ne ko dutse. Ba ta taɓa yin kuskure ba, ba ta kuma taɓa yin sassauci ba. Na farkon ma da ƙyar muka yafe mata, balle na biyun. Ita ce ta gaya wa fastonmu a gaban jama'a cewa abin da ya daɗe yana ɗagawa a wa'azinsa a matsayin ƙashin tsohuwar halitta, guntun bututun masai ne.

Wanda ya fi kowa shan wannan baki nata shi ne ƙaninta Thurman, mai kamun ƙaguwa. A kan ruwa Thurman gwani ne, ya san inda ƙaguwa take kwana da inda take yini. A kan rairayi kuwa Allah bai ba shi ba. Tun yana yawo da gajeren wando yake kawo wa yayarsa tsintuwa, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa kawo abin kirki ba ko sau ɗaya. Ya kawo guntun bulo, ya kawo ƙashin alade da wani ya gwaguya ya yar, ya kawo hannun tsohuwar buta. Akwai ranar da ya shigo yana haki da wasu haƙoran roba jere, ta duba ta ce masa wannan kam na halitta ne, mai su yana zama a benci na uku a coci, ya mayar masa. Thurman ya yi dariya har da riƙe ciki, Asabar ta gaba ya dawo da wani tarkacen. Hali zanen dutse, su biyun duka.

A farkon watan Satumba aka kai Thurman asibiti da ciwon ciki. Kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ya gaya wa likita kada ya dame shi da dogon bayani, ya yi magana da matarsa Darlene, ita ce mai haƙurin sauraro, shi dai a gaya masa ranar da zai koma kan kwale-kwalensa. Likitoci suka buɗe cikin, suka duba, suka rufe. Ciwon daji ne, ya riga ya bi ko'ina. Likita ya gaya wa Darlene kamar yadda aka umarce shi, ita kuma ta shiga ɗakin da murmushi ta gaya wa mijinta an cire komai. Amma ta gaya wa Vernelle duk abin da likita ya faɗa.

Bayan an sallamo shi, ran Alhamis da la'asar, Darlene ta zo gidan Vernelle da faranti cike da wainar ƙaguwa. Vernelle na ganin farantin ta san da magana, don ba a kawo mata abinci haka kawai.

"Yaya, Jolene tana zuwa ran Laraba," in ji Darlene. Jolene ita ce 'yarsu guda ɗaya, tana aiki can Oregon. "In ta zo sai mu zauna da likita a gaya masa, tana kusa da shi. Kafin nan don Allah kada ki ce masa komai."

"Wato ƙarya kike so in yi."

"Shiru nake so ki yi."

"Ni a wurina duk ɗaya ne, dukansu ƙaiƙayi suke sa ni."

"Kwana nawa ne, Yaya? Ki bar shi ya ci abinci da daɗi, ya yi barci da daɗi. Abin da na roƙe ki ke nan tun da na shigo gidanku, ban taɓa roƙonki wani abu ba."

"Kin roƙi tukunyar mamanmu, kuma har yau ba ki dawo da ita ba."

Darlene ta fashe da kuka. Vernelle ta tsani kuka, musamman na Darlene, wadda take iya yin kuka saboda tallan sabulu a talabijin. Amma wannan karon ita ma sai da ta tashi ta juya baya tana wanke kofin da yake a wanke. Tana tsoro, kuma ba ta saba da tsoro ba. Thurman ne kaɗai ya rage mata a duniya wanda ya san ta tun kafin ta zama abar gudu.

"Na ji," ta ce. "Har Laraba. Ki share fuskar nan kafin ki je masa da ita kamar an jiƙa burodi."

Da yake ta san kanta, sai ta ɗauki hanyar da ta fi sauƙi, ta guje shi. Ya kira ta a waya ran Juma'a, ta ce mura take yi, kada ta shafa masa. Ya ce murar da ta iya kama ta ai abar tausayi ce. Ta kashe wayar kafin muryarta ta tona ta.

Daren Juma'ar aka yi iska mai ƙarfi, gaɓa ta zube a wurare da dama, saboda haka ran Asabar zauren ya cika maƙil. Duk wanda yake da ƙafa ya fita da sassafe da ruwa ya janye, kuma duk wanda ya fita ya dawo yana ganin shi ne zai shiga jarida. Layi ya kai har ƙofa. A gefen teburin Alton Hance yana zaune, tsohon dillalin motoci kuma mataimakin shugaban ƙungiya, wanda ya shekara ashirin yana jiran ranar da Vernelle za ta yi kuskure, kamar yadda wasu suke jiran gado.

Wani baƙo daga Washington, da takalman roba sabbi fil waɗanda ko laka ba su sani ba, ya ajiye wani dunƙule a gabanta da hannu biyu.

"Na duba a intanet," ya ce. "Ina kyautata zaton ƙwan wata tsohuwar halitta ne."

Vernelle ta juya shi, ta lasa, ta kurkure baki.

"Siminti ne. Halittar da ta saka shi tana da mota mai juya ciki, tana zuba wa mutane dandamali."

"Amma dubi siffarsa."

"Na duba. Kai ma kana da siffar mai hankali. Na gaba."

Haka aka yi ta yi. Wata ta kawo haƙorin kifin shak na gaske, kifin nan mai cin mutane, Vernelle ta ce mata ƙarami ne kuma ya karye, don kada murna ta yi mata yawa. Wani ya kawo ƙashin haƙarƙari mai kyau, ta ce ƙashi ne, ya je, kada ya tsaya yana jiran ta yi masa guɗa. Aikin yana ɗauke mata hankali, har ta fara jin daɗin ranar. Sai ta ɗaga kai ta ga Thurman a cikin layi.

Sati biyu kawai, amma rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa, kuma da ƙusa ya huda, don ramin ya karkace. Darlene tana bayansa tana riƙe da gwiwar hannunsa, tana aiko wa Vernelle kallo ta saman kafaɗarsa, irin kallon da ko makaho zai gane akwai abin da ake ɓoyewa. Mutane suka yi ta matsawa suna cewa ya wuce gaba. A garinmu ba a ba mutum wuri a layi sai in ana ganin ba zai daɗe yana damun kowa ba.

"Yaya, ya murar?" ya ce da ya iso.

"Ta warke. Kai wa ya ce ka fito? An ɗinke ka kamar buhu, kana yawo a rairayi?"

"Nan ƙasan gida kawai na sauka. Darlene ta bi ni tana ihu kamar na saci wani abu. Amma yau kam na samo. Yau bakinki zai mutu."

Ya zaro wani abu daga aljihu a naɗe cikin hankici, ya kwance a hankali, ya ajiye a kan tebur. Girmansa kamar dunƙulen hannu, ruwan ƙasa mai duhu, kai biyu masu faɗi, tsakiya a ɗan tsuke.

"Guntun ƙashin bayan wel, ƙaton kifin nan na teku," in ji Thurman. "Ko ki yarda ko ki mutu da baƙin ciki."

Tun kafin ta taɓa shi ta san abin da yake. Dunƙulen tama ne, irin wanda yumɓun gaɓar take haɗawa da kanta, ruwa ya goge shi ya ba shi ƙugu. Ya yi kama da ƙashin baya sosai, amma kama da wane ba ta wane. Ta ɗauka, nauyin ya yi yawa. Ta sa madubi, babu ƙofa ko ɗaya, sai tsatsa a cikin tsagar. Ta kai shi baki ta ɗora harshe, harshen ya sulɓe, ya bar mata ɗanɗanon tsohuwar ƙusa.

Maganar tana nan a shirye a bakinta, har da ƙarin da za ta yi masa a kan cewa likitoci sun buɗe ciki sun manta ba su duba kai ba. Zauren ya yi tsit ana jira, don zagin da take yi wa Thurman shi ne abin da wasu suke zuwa kallo. Sai idonta ya sauka a kan wuyan hannunsa da ya dafa tebur da shi. Agogonsa ya zame har kusan tafin hannu. Ta tuna cewa wannan mutumin ya shekara sittin yana kawo mata tarkace yana fatan rana ɗaya ta ce ya yi daidai, kuma Asabar ɗin da suka rage masa ba su da yawa. Tausayi ya kama ta, abin da ba ta da gwaninta a kansa ko kaɗan.

Shiru kawai Darlene ta roƙa, a kan ciwo. Ba wanda ya roƙi Vernelle ta yi ƙarya a kan dutse. Wannan ita ta ƙara da kanta.

"Ƙashi ne," ta ce.

Wani a baya ya ce, "Me ta ce?"

"Na ce ƙashi ne. Kun kurmance? Ƙashin bayan wel, ruwa ya ci gefensa. Ba laifi." Sannan ta ƙara da abin da bai taɓa fita daga bakinta ba. "Ka yi ƙoƙari, Thurman."

Zauren ya kaure da tafi. Darlene ta rufe baki da hannu biyu, hawaye suna zuba, tana gyaɗa wa Vernelle kai kamar an ba ta kyautar gida. Mutane suka yi ta bubbuga kafaɗar Thurman, a hankali, kamar masu taɓa ƙwai. Baƙon Washington ma ya yi tafi, bai san dalili ba.

Alton Hance ne kaɗai bai yi tafi ba. Ya miƙo wuya yana kallon dutsen, hancinsa yana motsi. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

"Madalla, madalla," ya ce. "To a zagaya da shi mana. Ai al'ada ce, babbar tsintuwa kowa a tebur sai ya lasa."

"Mutum ya fito daga asibiti za ka shafa masa yawunka a kaya?"

"Ke ai kin shafa naki."

"Nawa na gida ne. Kai Allah kaɗai ya san inda bakinka ya kwana."

"Ni dai na ga kamar launin ya yi ja da yawa, Vernelle. Kamar tama."

"Kai ma ka sayar wa rabin garin nan tama a matsayin mota, ba wanda ya lasa. Zauna."

Aka yi dariya, Alton ya zauna, amma da murmushin wanda ya ga gado ya kusa. Vernelle ta juya don ta miƙa wa Thurman dutsensa, tana tsammanin za ta same shi yana washe baki yana shirin yi mata gorin da zai kai Kirsimeti. Ba ya dariya. Yana kallonta ne kawai, fuskarsa a sake, kamar mutumin da aka gaya wa motar da yake jira ta riga ta wuce. Ya karɓi dutsen, ya naɗe a hankici, ya ce zai ɗan sha iska. Darlene ta yi kamar ta bi shi, ya ce ta tsaya ta taya sauran mata raba wa mutane kofi mai zafi, ba zai ɓata ba tsakanin ƙofa da mota.

Vernelle ta duba tsintuwar mutum biyu ba tare da ta san abin da take lasa ba. Sannan ta tashi ta bar layin a tsaye, ta fita.

Ta same shi zaune a bayan akori-kurarsa, ƙafafu suna lilo, dutsen a kan cinya. Motar tana warin ƙaguwa da man inji kamar kullum. Ya matsa mata wuri, ta ƙi zama.

"Me ya same ka? Shekara sittin kana nema, an ba ka, ka fito kana kumbura."

"Na lasa shi tun a bakin ruwa, Yaya."

Ta dubi dutsen da ke kan cinyarsa.

"Sau biyu ma. Ni jaki ne a kan ƙashi, na yarda, amma harshe gare ni kamar kowa. Tama ce. Na daɗe ina bin rairayi ina neman wanda ya yi kama sosai, wanda zai ba ki hanya in kina son hanya."

"Wace irin hanya? Kai maganin asibiti ne yake juya maka kai."

"Bari in gaya miki abin da ya juya min kai. Darlene ta daina yi min faɗa a kan gishiri. Fasto ya zo gidana sau biyu bai tambayi kuɗin gyaran rufi ba. Jolene da ko waya sai an roƙe ta, wai ta yi kewarmu, tana zuwa a tsakiyar mako. Alton Hance ya tsayar da mota ya tambaye ni jiki. Alton fa!" Ya ɗan yi dariya, ya dafa cikinsa inda ɗinkin yake. "Amma na ce waɗannan duk mutanen kirki ne, ko ciwon haƙori ka yi haka za su yi maka, ba a gane komai daga wurinsu. Sai na ce bari in je wurin wadda ba ta da kirki."

Vernelle ta zauna a wurin da ya matsa mata.

"Na ce in Yaya ta zage ni, lafiyata ƙalau. Tun daga gida har cikin layin nan addu'a nake yi ki ce min jaki. Ban taɓa son zagi kamar yau ba. Sai kika ce wai na yi ƙoƙari."

Ta so ta musa. Ta nemi ƙarya ta biyu da za ta tallafi ta farko, ta ga ba ta da ita, don ba ta taɓa ajiye irin wannan kaya ba. Baƙin ciki ya cika ta, da haushin kanta. Darlene mai kukan tallan sabulu ta riƙe sirrin nan sati biyu, tana kwana da shi tana tashi da shi. Ita da take ganin ta fi kowa wayo a garin, ta zubar da shi da kalma biyu, kuma da alheri ta zubar.

"Jaki," ta ce. "Jakin banza. Ka ɗana wa yayarka tarko a gaban mutane."

"Ya yi latti yanzu, ba ya aiki." Ya juya dutsen a hannunsa. "Gaya min. Kamar yadda kike faɗa a tebur, ba ƙari ba ragi."

Ta gaya masa. Ta faɗi sunan ciwon da inda ya kai, da cewa ba su cire komai ba, rufewa kawai suka yi, da cewa ran Laraba aka shirya likita ya gaya masa. Bai katse ta ba. Yana kallon bishiyoyin da ke bayan zauren, inda ake hango ruwa ta tsakaninsu.

"Zan ga ƙarshen kakar ƙaguwa?"

"Wataƙila. Likita ya ce da wuya ka ga Kirsimeti."

"To." Ya ja numfashi. "Aƙalla na huta da rera waƙa a coci."

Ta ɗora hannunta a bayan wuyansa, inda take kama shi suna yara in za ta ja shi gida, ta bar shi a wurin. Bai ture ba. Can ya share hanci da hankicin dutsen.

"Yanzu ni ma ina da roƙo. Kada ki gaya wa Darlene na sani."

"Kai ma? Ni kuka mayar rumbun ajiyar ƙaryarku?"

"Ta sha wahala wajen gina abin nan, Yaya. Kin ga yadda take murmushi har kumatunta suna ciwo? Tana ganin ta ba ni 'yan kwanaki masu daɗi. Ki bar ta ta ba ni. Ran Laraba in likita ya faɗa, zan yi mamaki yadda ya kamata."

"Kai ba ka iya mamaki ba. Ko ranar aurenka kamar an aike ka sayen ƙusa."

"Zan koya. Ke ma ai yau kika fara ƙarya, kuma duk zaure ya yi miki tafi."

Ƙofar zauren ta buɗe, Darlene ta fito da kofin kofi biyu, tana tafiya da sauri har yana zuba mata a yatsu. Idanunta sun yi ja, amma fuskarta tana haske, hasken da ba a gani a kanta ba tun ranar asibiti. Thurman ya gyara zama ya washe baki, ya ɗaga dutsen sama kamar kofin gasa. Ya fi yadda Vernelle ta zata iyawa.

"Ga gwani, ga alƙali," in ji Darlene, ta miƙa musu kofi. Da ta sunkuyo wajen Vernelle ta matse mata hannu, ta raɗa mata na gode. Sannan ta ɗaga murya. "Alton ya ce tun da babbar tsintuwa ce, sai a sa shi a akwatin gilashin ƙungiya da sunan Thurman a ƙasa. Ya ce a ba shi ya kai gida ya wanke shi tukuna."

Vernelle ta san irin wankin da Alton zai yi masa, da harshe zai fara. Ta kuma san cewa in dutsen nan ya shiga akwatin, zai zauna a can da shaidarta a kansa har bayan ita ma ta tafi, kuma duk mai ido da ya tsaya a gabansa zai san Vernelle Buckmaster ta kira tama ƙashi. Ta dubi ƙaninta. Yana shan kofi, yana kallonta ta saman kofin, yana jira.

"A sa shi," ta ce. "Ni zan wanke, ni zan sa da hannuna. A kulle gilashin, makullin kuma a wurina zai zauna."

"Kin ji, Thurman? Da sunanka!" Darlene ta zauna a ɗaya gefensa ta rungume hannunsa. "Yaya, shekararsa nawa, in mutane sun tambaya?"

"Miliyan goma sha biyar," in ji Vernelle. "Zai daɗe."

Ta karɓi dutsen daga hannun Thurman ta sa a aljihun rigarta, ta koma ciki inda layi yake jiranta. Ranar ba wanda ya samu ko kalma ɗaya mai daɗi daga bakinta.